SABON BAKIN KWAMFUTA: INA ZA A KAI TSOFAFFIN KAYA?

Ranar 4 ga watan Oktoba na 2022 Majalisar Tarayyar Turai ta zauna a birnin Sitirasbog na ƙasar Faransa, ta jefa ƙuri'a a kan wata magana wadda in an faɗa wa mutum da farko sai ya yi dariya, watau maganar ramin da ake soka igiyar caji a jikin waya da kwamfuta. Wakilai 602 suka goyi baya, 13 suka ƙi, 8 kuma suka kame bakinsu. Dokar da aka zartar ta ce duk wayar hannu da kyamara da makamantansu da za a sayar a ƙasashen Tarayyar, tilas su kasance da baki iri ɗaya, wanda ake kira USB-C. Aka sa ranar 28 ga Disamba 2024 ta zama ranar da dokar za ta hau kan wayoyi, aka kuma ba masu ƙera laftof wa'adi har zuwa 28 ga Afrilu 2026. Ƙasar Saudiyya ma ta bi sawu da tata dokar, wayoyi daga farkon 2025, laftof kuwa daga watan Afrilu 2026.

To, mai karatu yana iya cewa ina ruwan mutumin Agege ko na Sabon Badun da abin da Turawa suka yanke a majalisarsu? Ruwansa kuwa har tsaki. Kusan duk laftof ɗin da ke kan teburin mai shagon buga takardu a Ikko, ko wadda ɗan makaranta ya saya da guminsa a Fatakwal, wani ne ya fara aiki da ita a Turai ko Amurka kafin ta iso nan. Abin da aka daina so a can, nan yake sauka. Saboda haka maganar ta shafi ɗan kasuwar da ke sarin kaya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja yana lodawa zuwa Farm Centre a Kano, ta shafi mai rumfar cajin waya a Mil 12, ta kuma shafi yaron da ke tura kurar gwangwan a Ojota, wanda a hannunsa ne kayan nan ke ƙarewa.

Dattawa ba su manta da ranar 2 ga Afrilu 1972 ba, sa'ad da motocin ƙasar nan suka bar hannun hagu suka koma dama, ko ranar 1 ga Janairu 1973 da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Amma waɗancan canje-canje, Gwamnati ce ta shirya su, aka yi ta shela a rediyo, aka sanya rana, kowa ya san abin da ke tafe. Wannan kuwa ba wanda ya yi shawara da kowa a nan. Mutum dai sai ya sayo sabuwar kwamfuta, ya zo gida, ya ɗauko igiyar firintarsa ya duba hagu ya duba dama, ya rasa inda zai soka ta.

Ba yau aka fara ba. Wanda ya yi aikin ofis shekaru talatin da suka wuce ya san bayan kwamfuta cike yake da kafofi iri-iri: firinta da tata mai tsinke 25, allon kallo da tasa shuɗiya mai tsinke 15 da ake kira VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, allon rubutu da linzami kuma kowanne da nasa ɗan zagayayyen rami. Domin a huta da wannan rikici ne wasu manyan kamfanoni, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM, suka haɗa kai suka fito da USB a 1996, watau kafar nan mai kusurwa huɗu da kowa ya sani, wadda sai ka juya filash sau biyu ko uku kafin ya shiga. A 1998 kamfanin Apple ya fito da kwamfutarsa iMac ba tare da tsofaffin kafofin ba, ba ma wurin sa faifan fulofi, mutane suka yi ta guna-guni, amma cikin 'yan shekaru kowa ya bi. An kammala tsarin USB-C a 2014. Ƙarama ce, tana da tsinke 24, ba ta da sama ba ta da ƙasa, ta duk yadda aka soka za ta shiga, kuma ita kaɗai tana iya ɗaukar wuta da hoto da bayanai a lokaci guda. A 2015 Apple ya sake yin irin halinsa, ya fito da laftof mai kafar USB-C ƙwaya ɗaya tak sai ramin abin sauraro na kunne. A 2016 ya share sauran kafofin daga manyan laftof ɗinsa na MacBook Pro. Sai dai a nan kwastomomi sun fi ƙarfinsa, domin a 2021 ya lashe amansa, ya mayar da kafar HDMI da wurin sa katin kyamara.

Akwai wani abu da ya kamata a rarrabe, domin 'yan kasuwa da yawa suna cakuɗa shi. Dokar Turai ba ta ce a cire tsohuwar kafar USB daga jikin laftof ba, ba ta ce a cire HDMI ba, ba ta ce a cire ramin igiyar intanet ba. Abin da ta ce kawai shi ne a iya yin caji ta USB-C, a kuma ba mai saye zaɓi ya sayi na'ura ba tare da caja ba in yana da wata a gida. Cire sauran kafofin aikin kamfanoni ne, masu tseren wa zai fi wani fito da kwamfuta siririya kamar littafi. Shi ya sa har yanzu laftof ɗin da ake ƙerawa domin ma'aikatan ofis, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, yawancinsu suna nan da tsohuwar kafar USB ɗaya ko biyu da HDMI, domin manyan kamfanonin da ke sayensu dubbai a lokaci guda ba su yarda a maishe musu da kayan aiki marasa amfani ba. Mai kuɗi shi ke da ta cewa a kasuwa, a Turai ma haka ne.

HANYA UKU DA KAYA KE MUTUWA

Tsohon kayan kwamfuta ba hanya ɗaya yake bi ya zama bola ba, kuma sanin bambancin shi ne zai hana mutum yin asara. Ta farko ita ce mafi sauƙi, watau bakin ne kawai ya bambanta. Filash, linzami, allon rubutu, na'urar ɗaukar zanen yatsa da masu rajistar layin waya ke aiki da ita, da yawancin firintoci, duk yarensu ɗaya ne da sabuwar kafar, siffar baki ce kawai ta canja. Ɗan adafta mai araha, ko sabuwar igiya mai bakin USB-C a gefe ɗaya, ya gama magana. Duk mai shagon da ya ce maka sai ka canja firinta domin ka canja laftof, ciniki yake nema.

Ta biyu ta fi wuya kaɗan. Tsohon majigi na makaranta ko na masallaci, da tsohon allon kallo mai shuɗiyar kafa, ba yare ɗaya suke ji da sabuwar kwamfuta ba. Hoton da ke bi ta VGA yana tafiya ne da hawa da saukar wuta, na sabon zamani kuwa da lambobi. Tun a 2010 Intel da AMD da wasu kamfanoni suka ba da sanarwar za su yi ban kwana da VGA nan da 2015. Saboda haka adaftar da za ta haɗa su dole ta kasance da 'yar na'urar tafinta a cikinta, kuma a nan ne ake cutar mutane. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Akwai laftof masu rahusa da aka sa musu kafar domin bayanai kawai, ba ta caji, ba ta fitar da hoto, alhali a ido ba ta da bambanci da wadda ke yin duka. Sai mutum ya sayi adafta, ya kai gida ta ƙi aiki, ya komo yana rigima da mai shago, alhali laifin ba na adafta ba ne.

Ta uku ita ce wadda ba ta da magani a kasuwa. Kowace firinta ko sikana tana bukatar wata 'yar manhaja da ke yi mata tafinta da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba. In kamfanin da ya ƙera na'urar ya daina rubuta sabuwar direba, to ko da na'urar lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu, ta zama gunki. Haka ya faru a 2019 sa'ad da Apple ya fito da manhajarsa Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji, sikana da yawa a duniya suka tsaya cik. A 2023 kuma Microsoft ya sanar da cewa a hankali zai daina rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar sabunta Windows. Wannan magana ta shafi kowane shagon buga takardu daga Ikko har Kalaba, domin jakin aikin waɗannan shaguna tsofaffin firintocin HP LaserJet ne, waɗanda ake ɗura wa garin tawada sau goma ba su ce uffan ba. Ba ƙarfe ne zai gaji ba, kamfani ne zai yanke musu numfashi daga nesa.

IGIYA BA ƊAYA BA CE

Masu yabon sabon tsarin suna cewa yanzu igiya ɗaya ta isa kome. Bakin ne ɗaya, cikin ba ɗaya ba. Akwai igiyar USB-C da gudunta bai wuce na shekarar 2000 ba, akwai kuma wadda ta ninka ta fiye da sau 80, kuma in an ajiye su a kan tebur ba mai iya bambanta su da ido. Ta fuskar wuta ma haka. Igiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar fiye da wat 60. Wadda za ta ɗauki fiye da haka sai an sa mata wata 'yar na'ura a cikin kanta mai shaida wa caja ƙarfinta, kuma tun 2021 an ƙara iyakar daga wat 100 zuwa 240. Mutumin da ya sayi igiya a hannun mai talla a cunkoson motocin Oshodi ya soka wa laftof, in ya yi sa'a cajin ne kawai zai riƙa ja kamar hawainiya.

In bai yi sa'a ba fa? Akwai wani injiniyan kamfanin Google, Benson Leung, wanda a 2015 ya ɗauki aikin sayen igiyoyin USB-C yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana wa jama'a masu kyau da marasa kyau. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyinta ba daidai ba ta ƙone masa laftof. Bayan 'yan makonni kamfanin Amazon ya hana sayar da igiyoyin da ba su cika ƙa'ida ba a kasuwarsa. To, wannan a Amurka ke nan, inda mai saye ke da wurin kai ƙara. A Alaba ko a titin Otigba wa zai gwada? Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ita ce ke da alhakin wannan, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya ga tarin caja da igiyoyi masu tambarin manyan kamfanoni ana sayar da su a kuɗin da bai kai na sakwara kwano biyu ba, ya san inda aka kwana.

Masu gyara kuma suna da nasu kukan, kuma kukan gaskiya ne. Tsohon ramin caji zagayayye, irin na HP mai shuɗin tsinke ko na Dell mai kauri, a laftof da yawa a jikin 'yar igiya yake, in ya lalace sai a kwance a sa wani, yaron shago ma zai iya. Kafar USB-C kuwa sau da yawa liƙe take da dalma a jikin babban allon kwamfutar, da tsinkenta 24 masu kama da gashi, a bayanta kuma akwai na'urar da ke daidaita wuta. Ƙurar hunturu ta shiga, ko raɓar Ikko mai gishiri ta ci ta, ko janareta ya turo wuta fiye da kima, gyaran sai ƙwararre mai madubin ƙara girma da na'urar hura zafi. In laftof ɗin kafa biyu kawai gare ta, ɗaya ta mutu, ta biyun ce za ta ɗauki caji da filash da firinta duk a lokaci guda.

Amma fa a faɗi gaskiya, sabon tsarin yana da alheri, kuma alherin ya fi yawa ga mutumin ƙasar da wuta ba ta zama. A da kowane kamfani da irin bakin cajarsa, in taka ta ɓace a Anacha sai ka zaga kasuwa kana gwaji. Mai rumfar caji kuwa sai ya tara igiyoyi kala biyar, ta iPhone daban, ta sauran wayoyi daban. Tun daga iPhone 15 na watan Satumba 2023 Apple ma ya sauko ya bi layi. Yanzu caja ɗaya mai kyau tana yi wa waya da laftof, domin na'urar da cajar suna fara daidaitawa a tsakaninsu kafin wuta ta wuce, ko bolt 5, ko 9, ko 15, ko 20. Abin da ya fi wannan ma, laftof mai USB-C ana iya cajinta daga babban fawa banki, ko daga batirin sola ta hanyar ƙaramin adafta, ba sai an bi ta inbata ba, ba sai an tayar da janareta ba. Ga wanda ya san kuɗin litar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayu 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

JIRAGEN DA KE TAFE

Hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai ta ce cajojin da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani a ƙasashenta sun kai tan 11,000 a shekara, kuma dokar za ta rage wa masu saye kashe kuɗi kimanin yuro miliyan 250 duk shekara. Lissafin ya yi kyau, amma lissafin gobe ne. Kafin a kai can, sai an fara kwashe tsofaffin da ke cikin durowa da rumbunan ofisoshi, cajoji masu zagayayyen baki, da teburan da ake ɗora laftof a kansu, da allunan kallo masu VGA. Ina za su tafi?

Ga kuma wata matsala da ta zo daidai da wannan. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, ya bar wata 'yar kafa ta shekara ɗaya ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista, zuwa Oktoba 2026. Windows 11 kuwa ba ta yarda ta hau yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2017 ko 2018 ba. Wani kamfanin binciken kasuwa, Canalys, ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne wannan zai iya jefawa bola. Mai karatu ya lura, waɗannan su ne ainihin kwamfutocin da ke da tsofaffin kafofi. Kamfanin inshora a Jamus ko banki a Ingila ba zai ci gaba da aiki da kwamfutar da ba a toshe mata ɓarakar tsaro ba. Zai sayar wa dillali, dillali kuma ya san hanyar Apapa da Tin Kan.

Akwai alƙaluman da ke nuna yadda wannan hanya take. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yarjejeniyar Basel ta Afirka da ke Badun suka yi a tashoshin jiragen ruwa na Ikko, wanda aka bayyana a 2018, ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso. Yawancinsu kuma ba a kwantena suka zo ba, cusa su aka yi cikin tsofaffin motocin tokumbo, inda ba a cika dubawa ba. Watau ƙasashen da ke kafa doka domin rage shara a gidansu, daga tashoshinsu ne mafi yawan sharar ke fitowa.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, wadda yanzu ke Jihar Delta. Gwamnatin Janar Babangida ta kira jakadanta gida, ta matsa har aka kwashe kayan, sa'an nan ta kafa Dokar Soja ta 42 mai hukuncin ɗaurin rai da rai. Shekara guda bayan haka aka ƙulla yarjejeniyar Basel, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako. Amma gangar guba kowa ya gan ta ya san guba ce. Laftof ɗin da ke kunnuwa yau, ta mutu bayan wata huɗu, wane jami'in kwastan ne zai kira ta shara? Dokokin hukumar NESREA na 2011 sun yarda a shigo da tsohon kaya mai aiki, sun hana matacce. Daga 1 ga Janairu 2025 kuma, bisa shawarar da Gana da Suwizalan suka kawo, yarjejeniyar Basel ta ce duk wata sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta ba da izini tukuna. A takarda an rufe ƙofa. Abin da ya rage shi ne mai tsayawa a bakin jirgi da soket yana gwada kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ba a ce kayan tokumbo duka sharri ne ba. In ba don su ba, ɗan talaka bai ga kwamfuta ba, balle yanzu da dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin watan Yuni 2023 ta haye 1,500 a cikin 2024. Cibiyoyin jarrabawar JAMB, masu bukatar ɗaruruwan kwamfutoci haɗe da igiya, su ma tsohuwar laftof mai ramin igiyar intanet ta fi musu sabuwa siririya amfani. Kuma akwai manhajar Linux, wadda kyauta ce, tana hawa tsohuwar kwamfuta ba gardama, tana kuma tayar da tsofaffin firintoci da sikana da dama da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Matashin da ya koyi wannan sana'a a Ikeja yanzu, shekaru biyar masu zuwa ba zai rasa abin yi ba, a kudu ko a gida.

Sai dai kome daɗewa kayan nan suna da ranar mutuwa, kuma a nan ne maganar ta komo kan 'yan arewa kai tsaye. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62 a 2022, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai wuce kashi 22.3 cikin ɗari ba, a Afirka kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Sauran wa ke sarrafa shi? A Ikko, da yawa daga cikin masu wannan aiki samari ne daga Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara, har da 'yan Nijar, masu bin unguwanni da kura suna sayen gwangwan, da masu tone bolar Olusosun. Abin da ke da daraja a jikin caja da igiya shi ne jan ƙarfen da ke ciki. Igiya mai kauri ana fere ta da wuƙa. Siririya kuwa, irin ta kwamfuta da caja, feranta ɓata lokaci ne, sai a tara a cinna mata wuta, robar ta ƙone, jan ƙarfen ya rage. Baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da guba mai zama a jiki shekara da shekaru, ga dalmar da ke jikin alluna, mai lalata jini da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Yaro ya yi shekara uku a Kurmi, ya koma gida da babur da tarin da ba ya jin magani, a ƙauye kuma a ce iska ce.

Bayan cuta akwai kuma kora. Abin da ya faru a Agbogbloshie na birnin Akara abin lura ne. Shekara da shekaru 'yan arewacin Gana ne ke fasa tsofaffin kayan lantarki a wurin, har ya yi suna a duniya. A 2014 wasu ƙungiyoyi suka kai injinan fere waya domin a rage ƙonawa, aka fara ganin haske. Amma a watan Yuli 2021 hukuma ta turo katafila ta rushe wurin. Aikin bai tsaya ba, warwatsuwa ya yi zuwa lunguna da bayan gidaje, inda ba mai ganin hayaƙin sai maƙwabta. Duk wanda ya san yadda aka yi da masu acaɓa a Ikko a 2020 da 2022 ya san cewa sana'ar da ba ta da rajista, ba ta da mai magana da yawunta, rana ɗaya ake shafe ta.

Tun 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON, wadda aikinta shi ne karɓar kuɗi daga masu ƙerawa da masu shigo da kayan lantarki domin a biya masu tattarawa da masu sarrafawa. Tsarin ba zai yi aiki ba sai cibiyar karɓar kaya ta biya yaro mai kura kuɗin igiya ɗanya fiye da abin da zai samu in ya ƙone ta, domin ba wa'azi ne zai hana shi ƙonawa ba, farashi ne. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan da sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Sabon Badun su ne ya kamata su nemi zama da wannan ƙungiya da hukumar shara ta jiha, su nemi a yi wa yaransu rajista da katin shaida, tun kafin wani ya zo da katafila.

Ɗan kasuwa kuwa, wanda ke shirin zuba jarinsa a kan kayan da za su yi ta sauka da araha, ya bambanta tsakanin abin da ke da sauran kwana da wanda ba shi da shi. Cajoji masu zagayayyen baki za su ci gaba da tafiya muddin tsofaffin laftof na hannun mutane, amma kasuwa ce mai raguwa, ba ta tara kaya a sito ba ce. Teburin ɗora laftof da aka yi domin samfuri ɗaya tak, in samfurin ya ƙare, kilo ne kuɗinsa. Laftof kuma, kafin a biya, a tambayi shekarar injinta, a ga ko Windows 11 za ta hau, a soka caja a kowace kafar USB-C a gani da ido, a haɗa ta da allon kallo a nan cikin shagon, sa'an nan a sa mai shago ya rubuta a rasit kwana nawa ya ba da na gwaji.